DARASI GA LIKITOCIN IYALI: GWAJI DA MAGANI BISA HUJJA

Likitan iyali shi ne wanda mara lafiya yake fara iskewa, shi ne kuma yake duba yaro da babba, mace da namiji, a ɗaki ɗaya. Saboda haka kuskurensa ba ya tsayawa a kan mutum guda. Idan ya saba ba da maganin da ba shi da amfani, to, ɗaruruwan gidaje ne za su yi asarar kuɗinsu, wataƙila har da rayuka. Wannan darasi ya yi bayanin abin da ake nufi da magani bisa hujja, sa'an nan ya kawo misali da cututtuka uku.

MA'ANAR HUJJA

Hujja a nan ita ce sakamakon bincike wanda aka raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba kowane kashi magani dabam, sa'an nan aka ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda suka rasu. Irin wannan bincike ne aka yi a Ingila a 1948 a kan maganin tarin fuka, ya zama abin koyi. Ƙwarewar likita tana da muhimmanci, amma likita ɗaya ba zai iya gane bambancin magunguna biyu daga marasa lafiya kaɗan da yake gani ba. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

1. ZAZZAƁIN CIZON SAURO

Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa a gwada jini kafin a ba da magani, ko da madubin likita ko da gwajin gaggawa na ɗigon jini. Idan gwaji bai nuna ƙwayar cutar ba, wajibi ne likita ya nemi wani dalili, kamar ciwon huhu ko sanƙarau ko ciwon kunne. Yaron da aka sallama da maganin zazzaɓi alhali ciwon huhu ke damunsa, an jinkirta masa maganin da zai cece shi.

Nijeriya ta bar kulorokwin a 2005 domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. Abin da ake bayarwa yanzu shi ne haɗin magani mai atemisinin, na kwana uku, kuma dole ne a shanye shi duka. Idan cutar ta yi tsanani, watau yaro ya suma ko yana jijjiga ko ya kasa sha, allurar atesunet ce ta farko. Binciken da aka buga a 2010, wanda ya ƙunshi yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da cibiya a Ilorin, ya nuna kashi 8.5 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa atesunet suka rasu, amma na kwinin kashi 10.9.

2. HAWAN JINI

Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, sai ranar da ya jawo shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ko lalacewar ƙoda. Domin haka ya kamata a auna jinin kowane baligi da ya zo asibiti, ko mene ne ya kawo shi. A bar shi ya zauna ya huta minti biyar tukuna, a kuma yi amfani da maɗaurin da ya dace da kaurin damtsensa. Ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Sai an sami 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu dabam-dabam za a tabbatar da cutar a fara magani.

Zaɓen maganin ma yana da hujjarsa. Binciken da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya duba mutane 728 a ƙasashen Afirka 6. Ya nuna cewa haɗin magani biyu wanda akwai amlodifin a cikinsa ya fi saukar da jini bisa ga haɗin da babu shi. Ban da magani, a shawarci mara lafiya ya rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, misalin ƙaramin cokali guda, ya kuma tuna cewa dunƙulen miya ma gishiri ne. A faɗa masa a fili cewa saukar jini ba warkewa ba ce. Wanda ya daina shan magani, jininsa zai sake hawa.

3. SANKARAR BAKIN MAHAIFA

Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta zama sankara. A wannan tsakani ne gwaji yake da amfani. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ita ce a fara gwajin ƙwayar cutar daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mata masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau su fara daga shekara 25, a maimaita bayan shekara 3 zuwa 5. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta.

INDA GWAJI BA SHI DA AMFANI

A 1968 Wilson da Jungner suka tsara wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗan gwada mutanen da ba su nuna alamar ciwo ba. Daga cikinsu akwai cewa cutar ta kasance mai muhimmanci, gwajin ya kasance abin da jama'a za su karɓa, kuma akwai magani ga wanda aka samu da ita. Likitan da ya gwada mace ya sami alama, alhali bai san asibitin da zai tura ta ba, ya ba ta fargaba ne kawai. Saboda haka a shirya hanyar magani kafin a fara gwaji.

TAMBAYOYI

1. Me likita zai yi idan yaro yana zafin jiki amma gwaji bai nuna zazzaɓin cizon sauro ba?
2. Awo nawa ake bukata kafin a tabbatar da hawan jini?
3. Daga shekara nawa ake fara gwajin sankarar bakin mahaifa?