Maria Montessori: Likitar da ta ce hannu ma yana karatu

A unguwarmu, makarantun nazire da dama sun liƙa kalmar Montessori a allonsu. Ni dai na ɗauka wata dabarar ƙara kuɗin makaranta ce. Sai bana na gano ashe sunan mace ne, kuma da 'ya'yan talakawa ta fara.

An haifi Maria Montessori a Italiya a 1870. Sakandaren fasaha ta yi da burin zama injiniya, a zamanin da 'yan mata ƙalilan ne ke leƙa irin wannan aji. Daga baya ta koma likitanci, ta kammala a Jami'ar Roma a 1896.

Aikinta ya haɗa ta da yara masu larurar ƙwaƙwalwa, waɗanda aka yanke ƙauna da su. Ta ba su kayan da za su taɓa, su jera, su auna, har wasunsu suka ci jarrabawar da yara masu lafiya ke yi. Ana ta yabonta, ita kuwa tambaya ce ta dame ta: to me ya daƙile masu lafiyar?

Ranar 6 ga Janairu 1907 ta buɗe Casa dei Bambini, wato Gidan Yara, a San Lorenzo, unguwar marasa galihu a Roma. Ta kawo ƙananan kujeru da yaro zai iya ɗauka da kansa, da haruffan samfefa da zai bi da yatsa kafin ya riƙe fensir. Yaro ke zaɓar aikinsa, ya maimaita har ya gamsu. Malama ta sa ido, ba bulala, ba kyauta. Yara 'yan shekara 4 suka soma rubutu.

Ba ta sha da daɗi ba. Ta saɓa da gwamnatin Mussolini, aka rufe makarantunta a Italiya. Ta zauna a Indiya daga 1939 zuwa 1946 tana horar da malamai, ta rasu a Holan a 1952.

'Yan'uwa ɗalibai, mu da ake wa gori da difloma, mu duba kanmu. Sau nawa muka haddace hanawut muka ci, alhali in an miƙo mana na'urar sai zufa? Ni ma na yi, kuma a SIWES na sha kunya. Kafin mu fita, mu daina gudun bita. Abin da hannu ya koya ba ya zubewa bayan jarrabawa.