Me Ya Sa Murhun Zamani Ke Ƙarewa a Bayan Ɗaki?

Wata mai sauraronmu daga Wonaka, ƙaramar hukumar Gusau, tana tambaya: me ya sa murhunan tsimin itace da ake rabawa ba sa daɗewa mata sun koma murhun duwatsu uku?

To Malama, sau da yawa wanda ya zana murhun bai taɓa tsayawa kan tukunyar tuwo ba. Tuƙa tuwon dawa na gidan mutum goma sha biyar aikin ƙarfi ne. In murhu ba shi da nauyi, muciya na juyawa tukunya na tangaɗi. Wani kuma bakinsa ƙarami, sai faskararren ice, alhali bayan girbi kara mata ke turawa. Da an zauna da su tun farko, da tukunyarsu da makamashinsu, da an gyara wannan kafin a ƙera ko guda.

Don ganin amfanin tafiya da mutanen gari, dubi aikin marigayi Malam Muhammad Bah Abba a Jigawa. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa, ciki sai ya yi sanyi, gauta da tumatir su daɗe, ba lantarki. Maginan tukwane na karkara ya ba aikin, shi ya sa dabarar ta karɓu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Don haka in an sake zuwa Wonaka da murhu, ku nemi a gwada tuƙa tuwo a gabanku, a kira maƙeran gari su gani.