Gudu, Miƙa Jiki da Kiɗa: Darasi Daga Bikin Birnin Vancouver

A birnin Vancouver na ƙasar Kanada an yi wani biki mai suna SeaWheeze, wanda kamfanin kayan wasanni na Lululemon ya fara shiryawa a shekarar 2012. Galibi a watan Agusta aka riƙa yin sa. Da sassafe dubban mutane su yi gudun famfalaki a titunan birnin da gefen teku, a kuma shimfiɗa tabarmi a fili a yi atisayen yoga, da yamma a taru a lambun Stanley ana sauraron makaɗa. Ba sai ka je Kanada za ka amfana da shi ba, domin kowane ɓangare cikin ukun yana da abin da zai koya wa mai wuni a rumfa.

Na farko: gudu

Cikakken gudun famfalaki kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka yi amfani da shi a wasannin Olamfik na Landan a 1908. Wanda aka riƙa yi a wannan biki rabinsa ne, wato kilomita 21 da 'yan kai. Ba a kwana a tashi a yi shi. Sabon shiga yakan shafe kamar wata uku yana shiri: ya fara da tafiya, ya riƙa surka ta da sassarfa, ya ƙara nisa kaɗan-kaɗan, yana ware ranakun hutu. Amfanin da zuciya ke samu yana cikin waɗannan watanni ne, ranar gasa shaida ce kawai.

Kai ba a neme ka da kilomita 21 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta shawarci baligi da ya motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yara masu shekara 5 zuwa 17 kuma kimanin minti 60 kullum. Idan ka yi tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako, ka cika mafi ƙarancin abin da ake so. Ma'auninsa mai sauƙi ne: numfashinka ya ƙaru, kana iya magana, amma ba ka iya rera waƙa. Irin wannan motsi yana rage haɗarin hawan jini, ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki. Ka sauka daga babur ko a-daidaita-sahu kafin ƙofar kasuwa ka taka sauran da ƙafa. Ke ma uwargida, raka yara makaranta da ƙafa yana cikin lissafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai ka lura, iskar Vancouver a watan Agusta mai sanyi-sanyi ce, mu kuwa a bazara zafi yakan haura digiri 40. Saboda haka:

Ka fita da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, cikin tufafi marasa nauyi.

Ka sha ruwa gwargwadon ƙishirwa. Fitsari mai duhu alamar ƙarancin ruwa ce, amma ɗura ruwa fiye da kima a doguwar tafiya yakan tsarma gishirin jini, shi ma haɗari ne.

Idan ƙurar hunturu ta yi yawa, mai asma ya rage fita.

Idan kana da hawan jini, ciwon zuciya ko sukari, ko kina da juna biyu, a ga ma'aikacin lafiya kafin a ƙara ƙarfin atisaye.

Ka tsaya nan take in ka ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, ka nufi asibiti. Wanda zafi ya buge har ya rikice, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Na biyu: miƙa jiki

Yoga daga Indiya ta samo asali, kuma tana da tushe a tsoffin al'adun addinan can. A irin wannan biki ana yin ta ne a matsayin atisaye: miƙa gaɓoɓi, tsayuwa daidai da jan numfashi a natse. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni a 2014. Masu gudu suna son ta domin tana sassauta tsokar da ta ɗaure.

Wanda ya wuni zaune a kan benci ko gaban keken ɗinki, da wadda ta wuni sunkuye gaban kaskon suya, sun san ciwon baya da na wuya. Duk bayan awa ɗaya ka miƙe, ka ɗaga hannaye sama, ka juya kafaɗu, ka dafa bango ka miƙa sha-raɓa, ka riƙe kamar daƙiƙa 20. Ka ji jan tsoka kaɗan, amma kada ka kai ga zafi. Kada kuma ka riƙe numfashi, musamman in kana da hawan jini.

Na uku: taro da kiɗa

Masu shirya bikin sun fahimci cewa abin da mutum ke yi shi kaɗai yakan gundure shi, amma alkawari da abokai yana tashin malalaci daga barci. Ka nemi maƙwabcin rumfarka ku sa lokaci, ko ku kai maganar ƙungiyar 'yan kasuwarku a ware safiya ɗaya a mako.

Kiɗan fili kuwa yana da nasa sharaɗi. Ƙara mai tsanani tana lalata ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, kuma ba sa sake tofowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron ƙara. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke dab da kai ya ji ka, ƙarar ta wuce kima. A wurin biki ko suna, ka nisanci lasifika, ka riƙa fita kunne ya huta, kada a zaunar da yara kusa da ita. Kunnen da ya kwana yana ƙara bayan taro gargaɗi yake yi maka.

Kafin ka fara, ka je cibiyar lafiya mafi kusa a auna jininka, domin hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba. Daga nan ka soma da minti goma gobe da safe, ka riƙa ƙara minti biyar duk mako har ka kai talatin.