Bazara a Tsiga: zazzaɓin da ba ya jiran wayewar gari

Daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko, Tsiga ba ta da lokacin zama. Tun da asuba maza sun fita sharar gona, ana tattara kututturan dawa da na masara, amalanke na jigilar takin gida zuwa gonaki. Mai gini yana sauri ya gama kafin hadari, wani yana yaɓen katangar da damina ta ci bara, wani yana sake wa rumbu jinka. Auren da aka ɗaga sai an sayar da auduga da waken soya, yanzu ake ɗaura shi, kusan kowace Juma'a da Asabar akwai gidan da ke cike da baƙi daga Bakori, Funtua ko Malumfashi. Da rana ta take, dattawa sun koma gindin darbejiya, mata da yara suna layi a bakin famfo domin rijiyoyin gida sun ja baya.

Ni ma'aikacin lafiya ne a wannan yanki. Mutanenmu sun ɗauki damina a matsayin lokacin ciwo, saboda sauro da gudawa, kuma suna da gaskiya. Amma watannin da suka fi hana ni barci su ne waɗannan na zafi, domin a cikinsu sanƙarau yake fitowa.

Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya garau, ba su sani ba, ba ta kuma yi musu komai. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa da numfashin mutanen da suka kwana a cunkushe. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsu daga Ingila suka yi bincike a nan ƙasar Malumfashi, suka ga cewa masu ɗauke da ƙwayar suna nan rani da damina, amma ciwon sai da zafi yake kwantar da mutane. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa da na laka. Da ruwa ya sauka, iska ta yi laima, sai annobar ta lafa. Muna tsakiyar yankin da ya miƙe daga Senegal har Habasha, inda cutar ta fi ƙarfi a duniya. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2017 wani nau'inta ya taso daga Zamfara ya shiga Sakkwato da Katsina da Kebbi, aka rasa fiye da mutum 1,100.

Wannan duk tsohon labari ne ga duk wanda ya yi aikin asibiti a Arewa. Abin da ya sauya shi ne daren bazara. A da, in zafi ya matsa, gari gaba ɗaya waje yake kwana. Samari a ƙofar gida, maigida a zaure, mata da yara a tsakar gida kan tabarma, iska na ratsa kowa. Ba wanda ya tsara hakan domin lafiya, amma ya kare mutane. Yanzu tsoron 'yan bindiga ya mayar da jama'a cikin ɗaki. Tun kafin daren watan Fabrairun 2025 da aka shigo garin nan aka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, aka riƙe shi kusan wata biyu, mutane sun daina sakin jiki da dare. Ana kulle ƙofa, wasu sun toshe tagogi da bulo. Ƙari a kan haka, gidaje da dama sun karɓi 'yan uwan da suka baro rugage da ƙananan ƙauyuka. Na shiga ɗakunan kwano da yara suke kwana kafaɗa da kafaɗa, babu ta inda iska za ta fita. Ba zan ce wa kowa ya koma kwana waje ba, domin na san abin da yake tsoro. Amma taga mai sandunan ƙarfe tana hana mutum shiga ba tare da ta hana iska ba, kuma raba yara ɗaki biyu, in akwai hali, ya fi tara su wuri ɗaya.

Tsoron nan ya kawo wata ɓarnar da ta fi wannan, wato jinkiri. Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai da safe. A aika kemis a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro da farasitamol. Jiki ya ɗan yi sanyi, uwa ta koma aikinta. Bayan la'asar ya fara amai, ya ƙi haske, ya ƙi a taɓa masa wuya. Uban yana Abuja ko Legas cin rani, wayarsa ba ta shiga. Kafin a sami wan uban ya dawo daga gona a yi shawara, an kira magariba, kuma babu mai babur ɗin da zai hau hanya da duhu. Sai a ce a bari gari ya waye. Wata uwa da ta kawo mini ɗanta da sassafe, ya riga ya fita hayyacinsa, ta ce da ni: "Malam, tun jiya na san ba zazzaɓin da na saba gani ba ne. Amma babansa ba ya nan, ni kuwa ba ni da ikon fita." Ba ta yi laifin komai ba. Mu ne, maza da shugabannin gari, ba mu shirya mata hanya ba.

Sanƙarau yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda ya kama suna rasuwa. Cikin waɗanda suka tashi, kusan ɗaya cikin biyar yana zama da kurumta, farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa, kuma jinkiri yana ƙara haɗarin hakan. Maganinsa allura ce ta jijiya da ake yi a asibiti, babu ƙwayar da ake sayarwa a kemis da za ta maye gurbinta. Ku tuna kuma cewa a bazara sauro ya ragu ƙwarai, don haka zazzaɓi mai zafi a watan Afrilu bai kamata a yanke masa hukuncin cizon sauro ba tare da gwaji ba. A babba da yaro mai wayo, a lura da ciwon kai mai tsanani, amai, wuyan da ya ƙi sunkuyawa, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashe shi. Jariri ba ya nuna sanƙarewar wuya sosai. Shi sai ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai ƙara, maɗigarsa ta kumbura, ko ya fara jijjiga. In an ga jijjiga akan ce iska ce, a kira malam. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. A yi ta a kan babur, ana tafiya.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Duk magidancin da zai tafi cin rani, ya faɗa wa matarsa a gaban mahaifiyarsa ko ɗan uwansa cewa in yaro ya kwanta, ta kai shi asibiti ba sai ta nemi izini ba. Ya bar mata kuɗin mai, ya kuma yi magana da mai babur ɗin da ya yarda da shi. Masu unguwanni da limamai su faɗi wannan a masallaci da wurin ɗaurin aure, tunda a bazara babu inda ya fi nan tara jama'a. Gida kuma ya ɗauki la'asar a matsayin iyaka: yaron da zazzaɓinsa bai sauka ba zuwa lokacin, a kawo shi mu duba tun da sauran rana, domin in ya kama a tura shi Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, a isa kafin duhu.

Akwai rigakafi, kuma kyauta ne. Allurar da aka fara yi a Nijeriya a 2011 ta kusan kawar da nau'in da ya yi ɓarnar 1996, yanzu kuma ana yi wa jarirai ita a wata tara tare da ta ƙyanda da ta shawara. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, har da wanda ya taso a 2017. Ku duba katin yaranku, in babu alamar allurar wata tara, ku kawo su ranar rigakafi. In kuma mutum biyu suka kwanta da irin waɗannan alamu a gida ɗaya, unguwa ɗaya ko makarantar allo ɗaya cikin mako guda, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar, mu za mu kai rahoto ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.