Daga Gaɓar Jiki Zuwa Ɗan Ƙungiya: Nazarin Kalmar *Membrum* a Harsunan Zuriyar Latin da Esperanto

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda kalmar Latin *membrum* ta ɗauki ma'anoni biyu, wato gaɓar jiki da ɗan ƙungiya, da kuma dabarun da harsunan da suka gaje ta suke bi wajen rarrabe su. Nazarin yana da amfani ga manazarta Hausa, domin daga wannan tushe kalmar *mamba* ta fito.

Asalin Kalmar

A Latin, *membrum* tana nufin gaɓar jiki kamar hannu ko ƙafa, jam'inta kuwa *membra*. Kwatanta al'umma da jiki tsohon abu ne a wurin Rumawa. Masanin tarihi Livy ya ruwaito cewa a shekarar 494 kafin Miladiyya, da talakawan Rum suka ƙaurace wa birnin, Menenius Agrippa ya lallashe su da labarin gaɓoɓin da suka yi wa ciki bore, har jikin duka ya raunana. Irin wannan kamance shi ya share wa kalmar hanyar komawa kan mutum a matsayinsa na yankin wata jama'a.

Sauyin Sauti

Kalmar ta zama *membre* a Faransanci, *membro* a Italiyanci da harshen Fotugal, sannan *miembro* a Sifaniyanci. Bambancin Sifaniyanci ya bi ƙa'ida ce: gajeren wasalin /e/ na Latin mai ɗauke da ƙarfin furuci yakan koma /ie/ ko da a rufaffiyar gaɓar kalma, kamar yadda *terra* 'ƙasa' ta zama *tierra*, *septem* 'bakwai' ta zama *siete*.

Rarrabe Ma'anoni

Faransanci da Sifaniyanci ba su raba ma'anonin biyu a sigar kalma ba. Muhallin magana ne ke fayyace abin da ake nufi. Italiyanci kuwa ya raba su ta hanyar jam'i: *le membra* gaɓoɓin jiki ne, *i membri* kuma 'yan ƙungiya. Sigar farko ita ce tsohon jam'in Latin, wanda ya rikiɗe ya zama jinsin mace. Romaniyanci ma haka ya yi, inda *membre* ke nufin gaɓoɓi, *membri* kuma mutane.

Da kalmar ta koma kan mutane, sai batun jinsi ya taso. A shekarar 2008, ministar daidaito ta Sifaniya, Bibiana Aído, ta furta *miembras* a majalisa don nufin mambobi mata, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, domin a daidaitaccen harshe *miembro* ta wadatar ga namiji da mace.

Esperanto

Esperanto ƙirƙirarren harshe ne da L. L. Zamenhof ya gabatar a birnin Warsaw a 1887, kuma mafi yawan saiwoyin kalmominsa daga harsunan zuriyar Latin suke. Ya ɗauki *membro* (jam'i *membroj*) da ma'anoninta biyu. Sai dai yana da ɗafi *-an-* mai nuna wanda ke cikin wata jama'a: daga *urbo* 'birni' ake samun *urbano* 'ɗan birni'. Ɗafin kan tsaya da ƙafarsa a matsayin *ano* 'mamba', kuma ba ya taɓa nufin gaɓar jiki. Aikinsa ya yi daidai da na *ɗan* da *'yar* da *'yan* a Hausa, kamar a *ɗan ƙungiya* da *'yan majalisa*.

Shigowarta Hausa

Ingilishi ya ari kalmar daga tsohon Faransanci, Hausa kuma ta are ta daga Ingilishi a matsayin *mamba* ko *memba*. Ƙarshenta ya koma /a/ kamar yadda ya faru a *direba* da *fenta*, ta kuma sami jam'in Hausa, *mambobi*. Abin lura shi ne ma'ana ɗaya tak ta shigo: Bahaushe ba ya kiran hannu ko ƙafa mamba. Kalmar *gaɓa* ta riƙe fagenta, kuma da ma'anarta ta faɗaɗa, ba kan mutum ta nufa ba, sai kan yankin kalma a ilimin harshe.

Kammalawa

An ga cewa ma'anonin da Faransanci da Sifaniyanci suka bar wa muhallin magana, Italiyanci da Romaniyanci sun raba su da jam'i, Esperanto ya samar wa ɗaya ɗafi, Hausa kuwa ta ba kowace kalmarta. Don haka wajibi ne mai fassara daga Faransanci, musamman a Nijar, ya tantance ko *membre* gaɓa ce ko mamba kafin ya zaɓi kalma, domin a rubutun likitanci ko na shari'a kuskuren na iya juya ma'anar jimla gaba ɗaya.