Kawa da Kifin Bakolori

Wani mai sauraronmu daga Bakura ya ce ya ga Turawa a talabijin suna zuƙe wata halittar ruwa ɗanya daga cikin ɓawonta. Yana tambaya mece ce, ta halatta, kuma ko zai same ta a rumfunan kifin Talata Mafara?

To malam, kawa ke nan. Wadda ka gani ta ruwan gishiri ce. A Faransa ɗanya ake cin ta, a matsa mata lemun tsami. A Gambiya da Senegal kuwa mata ne ke ɓamɓaro ta daga saiwoyin itatuwan bakin teku, su dafa ko su busar. Mu dai dafaffiyar muka fi yarda da ita, domin ɗanyar kan ɗauko ƙwayar cuta mai sa amai da gudawa.

Malaman Malikiyya sun halatta dabbobin ruwa baki ɗaya, na Hanafiyya suka tsaya a kan kifi kaɗai.

Ba za ka same ta a Mafara ba, teku ya yi nisa. Amma madatsar ruwan Bakolori da ke Maradun, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, tana ba da karfasa da tarwaɗa. In ka je rumfar mai suya, musamman ranar Talata da kasuwa ke ci, zaɓi kifinka da kanka: idonsa garau, namansa da tauri, ba wari. Ka leƙa kaskon ma. In man ya yi baƙi, gara a gasa maka, a barbaɗa yaji.