Bayani Ga Masu Motocin Haya Game Da Yoyon Rufi

Kowace shekara, da zarar ruwa ya zauna a ƙasar Kazaure, watau daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, sai direbobin bas masu jigila tsakanin Kano da Daura, da masu ratsawa Roni da Gwiwa, da masu kai 'yan kasuwa Babura har kan iyakar Nijar, su yi ta zuwa garejinmu da kuka iri guda, wai rufi yana ɗiga bisa fasinja, alhali kuwa ɓarnar da suke ɗora wa damina tun bazara aka gama ta. Tun da yake gyaran bodin mota ne sana'ata, na ga ya wajaba in yi wa 'yan'uwa bayanin wannan mas'ala gwargwadon abin da aiki ya koya mini.

Rufin bas irin su Toyota Hiace falle ne dabam, wanda aka ɗora bisa gangar jiki, aka kama shi da ɗigon walda a jere, sa'an nan aka bi mahaɗar da wani danƙo mai laushi, galibi cikin 'yar kwatar nan da ta zagaye rufin a saman ƙofofi. Walda ke riƙe ƙarfe, danƙo ke tsare ruwa. To, ɗabi'ar ƙarfe ce ya miƙe in ya sha zafi, ya takure in ya huce. Masana sun ƙididdige cewa falle mai tsawon mita 4, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yakan miƙe kusan milimita 2. Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannunsa bisa rufin mota da azahar a watan Afrilu, lokacin da ko a inuwa zafi kan haura digiri 40, ya kuma tuna sanyin ƙarfen nan da asubar hunturu, zai gane irin wahalar da danƙon ke sha, yana bin ƙarfe gaba da baya dare da rana, har ya bushe, ya tsage, ƙura ta cika tsagar ta ɓoye ta. Balle ma akasarin motocinmu na Kwatano ne, sun ci rabin ƙarfinsu a Turai kafin su san ranarmu.

Sai kuma kariyar ɗora kaya bisa rufi, wadda a ganina ta fi rana laifi. Ƙafafunta a cikin kwatar nan ake ɗaure su, daidai bisa danƙon, sa'an nan a jibga buhunan gero da riɗi da zoɓo, kwandasta ya hau ya tattake, a ja igiya, a faɗa hanyar burji mai gargada, motar tana murɗewa a kowane rami. Ina danƙon da zai jure wa wannan?

Ruwa kuwa mayaudari ne, domin inda ya ɗiga ba lalle ne nan ya shiga ba. Yakan shiga ta baya, ya bi ƙarfen da ke tallafe da rufi a ƙarƙashin silin, ya sauko kusa da direba, mai mota ya yi ta lafta magani inda babu ciwo. Maganin ma da ake laftawa shi ne babbar musiba. Kwalta tana narkewa da rana, ta tsage da sanyi. Fila, wadda aka yi don cike lotsawar bodi, ba ta da laushin bin ƙarfe, kuma tana shan laima. Silikon mai araha, wanda ke warin tsami idan an matsa shi, tsamin nan yana cin ƙarfe, fenti ba ya kama shi, kuma inda ya taɓa zama wani danƙo ba ya kamawa sai an kankare shi sarai. Mafi muni duka shi ne a shafa sabo bisa tsohon da ya tsage, don kuwa laima ce aka rufe a ciki, tsatsa ta ci gaba da aikinta a asirce. Mai gyaran da ya yi haka da saninsa, ya kuma karɓi lada, algus ya yi, ko da rufin ya yi kyan gani.

Gyara na haƙiƙa, mafi yawansa shara ce. A sauke kariya, a ƙwaƙule tsohon danƙo ƙarƙaf, a bi da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a goge da tina, ba da kananzir ko man dizal ba, saboda maiƙon da suke bari, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bar shi ya bushe. Bayan haka ne za a matsa danƙon foliyuretan, irin su Sikaflex, wanda ake nema a wajen masu kayan mota na Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, a duba kwanan watan da ke jikinsa, a ja shi layi guda ba yankewa, a danna shi cikin mahaɗar da yatsa. Da hantsi ake wannan aiki, a inuwa, ƙarfe na da sanyi. Kuma da laimar iska danƙon yake ƙanƙara, shi ya sa a tsakiyar hunturu yakan yi jinkiri. A ba shi aƙalla yini da kwana kafin fenti, kada gaggawar komawa tasha ta sa a mayar da lodi bisa ɗanyen aiki.

A Amurka da Turai, masu motocin nan da aka shirya su kamar ɗaki, da gado da madafa, don yawon shaƙatawa, al'adarsu ce su hau rufi su duba mahaɗai kafin lokacin tafiya ya kama. Mu namu lokacin watan Mayu ne, kafin ruwan shuka: a wanke kwatar, mutum guda ya zauna a ciki, wani ya riƙa zuba ruwa da buta sannu a hankali, yana farawa daga gefen da ya fi gangara, ɓangare bayan ɓangare, har a ga mashigar. Idan kuwa aka kankare aka tarar tsatsa ta riga ta huda ƙarfe, to danƙo ba ya cike rami, sai an yanke an yi faci da walda, kuma kafin mai walda ya kunna wuta lalle ne a cire silin da wayoyin fitilar ciki, a ajiye bokitin ruwa kusa, domin soson da ke manne a ƙarƙashin rufin nan da nan yake kamawa.